Ranar da Aka Ce in Yi wa Marmaro Ƙaura

Ni Barmo, a garinmu ba a san darajar mai kwanya ba. Ku ji abin da aka yi mini.

Dagaci ya so sayar wa masu gawayi kurmin da marmaronmu ke ɓulɓulowa. Na ce in aka sare shi, ƙishirwa za ta tashi garin. Sai ya kira ni fada.

"Barmo, tunda kai ne lauyan ruwa, ɗauko marmaron ka kawo ƙofar gidana kafin Juma'a, in sare kurmina. In ka kasa, ka bar garin."

Kashegari na dawo na faɗi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, na yi masa magana, ya yarda."

"Ya yarda?"

"Har da godiya. Sai dai ya ce tun zamanin kakanninka bai taɓa wuni a rana ba. A yi masa masauki irin nasa, kanya da ɗorawa da maɗaci, masu saiwoyin da ke riƙe masa ruwan damina. Ko baƙon Dagaci a fili zai sauka?"

"A gidana? Haba! A dasa!"

"Kafin su girma kuma, ai ba a rushe wa baƙo tsohon ɗakinsa."

"Shekara nawa?"

"Arba'in kacal, ranka ya daɗe."

Can Dagaci ya yi murmushi. "Madalla. Kai za ka riƙa yi musu ban ruwa."

Shekara tara ke nan ina jigilar tulu. Gari na shan ruwa, ni kuwa ko goro ba wanda ya ba ni.