Ziyarar da Émile Bai Kai Ba

A zamanin Shugaba Ahidjo, a unguwar Yelwa ta Garwa, an yi wani dattijon ikilisiya mai suna Émile. Malamin makaranta ne mai daɗin baki. In ya tashi addu'a, har mata sukan share hawaye. Aibinsa ɗaya: ya fi son a ce yana ƙaunar Allah fiye da ƙaunar kanta.

Wata rana da damina, Fasto Dawuda ya kira shi, ya ce tsohuwa Albertine, wadda ta daɗe tana share majami'a kafin ta koma ƙauye bayan garin Pitowa, tana kwance ba lafiya. Ta aiko tana roƙon a zo a yi addu'a da ita. Fasto zai tafi taro Ngawundere, don haka ya ɗora wa Émile. Émile ya dafa ƙirji ya ce an gama.

Amma da ya tuna taɓon hanya, kuma ƙauye ne da ba mai ganinsa, sai ya jingine mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya zauna yana gyara jawabin Lahadi.

Ran Lahadi, Fasto ya tambaye shi a gaban jama'a yaya jikin Mama Albertine. Gaskiya ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Ya ce ya je, ya durƙusa gefen tabarmarta, ta ji sauƙi, har sun yi waƙa tare. Jama'a suka ce amin.

Sai wata mata ta miƙe daga bencin baya, ƙafafunta duk laka. Hélène ce, 'yar tsohuwar, saukarta ke nan daga mota.

"Baba Émile," ta ce a hankali, "mun binne Mama jiya. Har ta cika tana cewa a bar ƙofa a buɗe, kana hanya."

Émile ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ba wanda ya zage shi, kuma hakan ya fi masa zafi.

Washegari ya bi taɓon nan har ƙauyen. Ya tsuguna a ƙofar gidan marigayiyar, ya ce wa Hélène, "Ban zo ba, kuma na yi ƙarya. Ki yafe mini." Hélène ta nuna masa kabarin. Da ya dawo, da kansa ya sauka daga muƙamin dattijon ikilisiya. Ya shekara bai yarda ya ja addu'a ba.

Darasi: ƙaunar Allah ba a baki take ba. Wanda ya yi ƙarya don a gan shi mai ibada, mutane yake bauta wa. Gara ka sunkuyar da kai ka ce "ban yi ba" tun da wuri, domin akwai ƙofar da in ta rufe, ba neman gafarar da zai sake buɗe ta.