Hasumiyar da Ta Ƙi Sakin Waya

An yi wani mutum, bawan Allah, sunansa Haladu, a wani gari da ke gindin dutse. Ku saurara, jama'a, ku a baya can ku bar hirar nan.

A kan dutsen akwai doguwar hasumiyar rediyo, mutane suna kama shirye-shiryenta a wayoyinsu. To amma idan mota ta zagaya bayan dutse, muryar hasumiya ba ta kaiwa. Sai kamfani ya kafa ɗan turken waya a can ƙasa. Tsarin shi ne, da zarar murya ta fara rauni, hasumiya ta saki wayar, turke ya karɓa, shiri ya ci gaba ta layin waya. Wannan ya saki, wancan ya karɓa. Mai sauraro ko sani ba ya yi.

Haladu ne mai kula da ɗan turken. Mai kula da hasumiya kuwa abokin aikinsa ne, Sabi'u.

Direbobi suka ga bayan dutsen da a da rediyo ke mutuwa, yanzu ba ya mutuwa. Suka shiga yabon Haladu a tasha. Wani ya ajiye masa rake, wani ya ajiye masa albasa. Shi kuwa sai ya ce, "Ni karɓa kawai nake yi, Sabi'u ne ke miƙo mini."

Kun ji ko? Amma Sabi'u bai ji haka ba. Hassada ta shige shi. Ya tsaya kan dutse yana kallon albasar nan a bayan babur ɗin Haladu. Ba albasa ya rasa ba, jama'a, gidansa akwai buhu guda. Sunan da ake kira ne ke cinsa. Ya ce a ransa, "Ni ke hawa ƙarfe rana na dukana, a ce wancan mai ɗan turken da bai kai bishiyar giginya ba shi ne gwani?"

Sai ya shiga ɗakin na'ura ya sauya saiti, ya hana hasumiya sakin waya har sai murya ta mutu murus.

Rediyo ya koma yankewa a bayan dutse. Bakin da ya yi yabo ya koma zagi. Kamfani ya aiko wa Haladu takarda: in ba a gyara ba zuwa ranar Alhamis, ya miƙa makulli. Mutum ne mai iyali bakwai, ba gona, ba shago.

Haladu ya duba na'urarsa ya gane komai. Bai kai ƙara ba. Ya hau dutse ya samu Sabi'u shi kaɗai.

Ya ce, "Ɗan'uwa, wayoyin suna iso mini a makare. Don Allah ka duba wajenka."

Sabi'u ya ce, "Au, gwanin tasha ne yau ke neman taimako? Je ka tambayi masu ba ka rake."

Haladu ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka." Ya sauko.

Ranar Alhamis dab da azahar, Sabi'u ya shiga mota zai je wani gari, don kada a yi korar a gabansa. Direba ya kunna rediyo a waya. Suna zagaya dutse aka fara sanarwa: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah Ya yi wa Malam…" Ɗif! Daidai inda shi da hannunsa ya sa ya riƙa yankewa. Ya ce, "Allah Ya jiƙan musulmi," ya gyara zama.

Bai sani ba, malaminsa ne. Tsohon da ya riƙe shi tun yana maraya. Iyalin ba su da lambarsa, shi ya sa suka kai rediyo. Jana'iza bayan azahar.

Haladu yana tattara kayansa, ga manajan kamfani tsaye yana jiran makulli, ya ji sanarwar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni minti ɗaya." Ya kira Sabi'u. Kiran nan ta ina ya bi? Ta ɗan turken da aka raina.

Ya ce, "Sabi'u, ka juyo. Malam Yahuza ne. Ka sauka a mararraba, ga ni nan da babur."

Haladu ya miƙa makulli, ya je ya ɗauko shi. Sun iske an ɗaga makara. Sabi'u ya samu ya sa kafaɗarsa. A hanyar dawowa, yana bayan babur, ya fashe da kuka ya ce, "Haladu, ni ne fa."

Haladu ya ce, "Na sani tun farko. Riƙe ni da kyau, hanyar akwai ramuka."

A ranar nan Sabi'u ya je gaban manaja da ƙafarsa ya faɗi gaskiya, aka mayar wa Haladu makullinsa.

To jama'a, hassada haka take. Kana tsammanin ɗan'uwanka kake toshewa, ashe kunnenka ka toshe. Wani a cikinku yana riƙe da sana'a ya ƙi koyarwa. Wani an aiko shi da labarin aiki ga maƙwabcinsa, ya danne. Kai da ka ƙi miƙawa don kada a yabi wani, ka san saƙon wa ka riƙe? Ka saki tun murya ba ta mutu ba. Allah Ya wanke mana zukata.