Biri da Fuskar Sarki

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta, Inna!

An yi wani tsohon masassaƙi, Mulenda, can kudu a ƙasar Pende, inda daji ya yi duhu. Shi ba turmi yake sassaƙawa ba, fuskoki yake yi na itace, waɗanda ake sawa ranar biki. Kowace fuska da takunta. Ta wawa tsalle take, ta majinyaci tangaɗi, ta sarki kuwa, mai lumsassun idanu, tafiyar hawainiya take yi. Ba al'adarmu ba ce, amma kowa da inda Allah Ya ajiye shi.

Ranar bikin girbi, mai sanye da fuskar sarki yakan kewaya dandali sau uku a hankali, sannan a miƙa masa kwandon ayaba. Biri yana kan reshe, kwana biyu bai ci komai ba. Ya ce, "Tafiya kawai? Ai ni ma ina da ƙafa!"

Ya lallaɓa bukkar Mulenda ya ɗauke fuskar, ya zura rigar zaren tukurwa har ƙasa, ya naɗe wutsiya a kugu, ya fito dandali.

Mata suka rangaɗa guɗa. Mulenda ya dubi fuska, tasa ce. Ya dubi taku, ya ce, "Uhm." Ya karɓi ganga a hannun makaɗi.

Kewayen farko, ya buga a hankali: dim, dim. Kafaɗar Biri ta motsa. Biri ya ce ƙasa-ƙasa, "Kafaɗa, rufa mini asiri, ayaba na jira." Kafaɗa ta kwanta.

Kewaye na biyu: dindim, dindim! Kugu ya fara kaɗawa. "Kugu, rufa mini asiri, ayaba na jira." Kugu ya tsaya da ƙyar.

Wata tsohuwa ta ce, "Yau sarkin namu ƙaiƙayi yake ji?"

Kewaye na uku, saura taku biyar ya kai kwando, har yana jin ƙamshi. Sai Mulenda ya saki hannu: kidindim-kidindim-kidindim!

"Wutsiya, rufa mini asi..."

Ina! Wutsiya ta warware, fyaut! Ta ɗaga riga sama. Ƙafafu suka ce ba za a bar su a baya ba. Sai ga sarki guda yana alkafura, ɗaya, biyu, uku, yana ihu, "Ƙara, Baba! Ƙara!"

Fuskar ta yi sama, Mulenda ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Dandali ya kece da dariya, tsohuwar nan har da birgima.

Biri yana haki ya ce, "Baba, ko ɗaya, ladan rawa?"

Mulenda ya ce, "Ɗan nan, ni fuska na sassaƙa. Ƙafa kai ka zo da abinka. Ci gaba!"

Ya ci gaba da kiɗa, Biri ya kasa tsayawa. Jama'a suka zauna suka raba ayaba suna ci, suna jefa masa ɓawo. Ya taka, santsi, tim! Ya tashi, ya taka, tim! Har kwando ya ƙare bai lasa ko ɗaya ba.

To kun ji. Fuska ana aronta, amma hali ba ya zama a kugu, sai ya warware. Ku gyara na ciki, shi Allah yake dubawa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ke Hansai, bar alkafurar nan, za ki zubar mini da koko.