Keken da Ya Fi na Mati

An ce wai a wani gari mai babbar kasuwa an taɓa yin wani alƙali da ake kira Malam Gwadabe. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawar yanke hukunci, yana kuma da wata ɗabi'a da ta sha kai masu wayo ƙasa. Sai ya bar mutum ya yi ta zuba, yana gyaɗa masa kai kamar ya gamsu, har mai maganar ya faɗi abin da bai fito gida da niyyar faɗa ba.

A garin akwai wata mata, Tambai, wadda ta shekara shida tana ɗinki a keken aro. In mai keken tana aiki, ita sai jira, in ta tashi sannan ta ɗana. Duk da haka ta ƙware, har labarinta ya kai kunnen Hajiya Yalwa, matar da in ta yi biki rabin gari ke zuwa. Hajiya ta aiko mata da atamfa turmi goma sha biyu, ankon bikin ɗanta, ta ce nan da kwana goma take so. Ran nan Tambai ko abinci ta kasa ci don murna. Ta san in ta fitar da wannan aiki ta zama tela a garin, in kuwa ta ɓata shi, ko rigar jariri ba mai ƙara kawo mata. Keken aro ba zai yi wannan aiki ba, saboda haka ta sayar da tumakinta biyu, ta nufi rumfar Mati.

Shi Mati gyaran keken ɗinki yake yi, yana kuma sayar da na hannu, waɗanda aka yi aiki da su aka gaji. A ƙuryar rumfarsa akwai nasa na kansa, wani baƙin keke mai tafiya sumul, wanda ko ƙuda ba ya yarda ya sauka a kansa. Ya jawo wa Tambai wani da ya sha sabon fenti yana ta ƙyalli, ya ce ga rabonta.

To, al'adar kasuwar nan ita ce, da ɗan ƙyalle ake gwada keke, wanda bai wuce tafin hannu ba. Mai sayarwa zai zauna ya ja layi uku, ya miƙa wa mai saye. In ya ja ɗinkin bai ɓalle ba, sai a ce Allah ya sa albarka, ciniki ya faɗa ke nan. Mati ya ja layinsa uku tsaf, Tambai ta ja ƙyalle da ƙarfinta bai ɓalle ba. Aka ɗora keke a amalanke, tana biye tana dariya ita kaɗai, matan gidansu suka tarye ta da guɗa.

Ba ta ko huta ba ta yanka turmin farko, ta yi bisimilla ta taka. Taƙi ɗaya lafiya, taƙi biyu lafiya, tana shiga na uku sai zare ya tsinke. Ta juya zanen, ta tarar da zaren ƙasa ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Ta warware ta sake, ya sake. Ta canza allura, ta canza zare, ta ɗiga mai, duk a banza. Sau uku tana komawa rumfar Mati, sau uku yana zuwa ya ja layi a ɗan ƙyallensa ya nuna mata.

“Keke lafiyarsa ƙalau, Tambai. Ƙafarki ce ba ta saba da shi ba.”

Haka kwana shida suka wuce, ba riga ko ɗaya a ƙasa, ga Hajiya Yalwa ta fara aiko da tambaya. A rana ta bakwai Tambai ta sake kiran mai amalanke. Wannan karon ba rumfar Mati ta nufa ba, gaban alƙali ta sa aka dire keken.

Kafin a ce an kirawo Mati, labari ya zaga kasuwa cewa yau keken ɗinki ne a gaban shari'a. Teloli suka rufe rumfuna, masu sayar da zare da maɓalli suka biyo su, wurin ya cika har ana leƙe ta taga. Tambai ta faɗi ƙararta. Mati ya gyara hula ya ce, “Allah gafarta Malam, keke ga shi, ni ga ni. A bar shi ya yi wa kansa shaida.”

Alƙali ya ce an bari. Mati ya zaro ƙyalle daga aljihu, ya zauna ya ja layi uku. Aka zaga da ƙyallen hannu hannu, teloli suna dubawa suna cewa ai wannan ɗinki ba laifi. Kowa idonsa na kan allura, amma shi Malam Gwadabe ƙafar Mati yake kallo.

Aka ce Tambai ta gwada. Ta shimfiɗa zanen anko, ta taka, ba ta yi nisa ba zare ya tsinke. Jama'a suka kwashe da dariya. Ta tashi ta koma gefe ta rufe fuska da mayafi, ta tabbata tumakinta sun tafi, sunanta ma ya bi su.

Alƙali ya dubi Mati da fara'a ya ce, “Ashe keken kirki ne ka sayar mata.”

“Ai Allah gafarta Malam, irinsa ba ya shigowa kasuwar nan sau biyu a shekara.”

“Na ji an ce kana da wani a rumfarka, wanda kake aiki da shi. Wannan ya kai shi kuwa?”

Ba a taɓa yin ɗan kasuwar da aka yi wa wannan tambaya ya ce a'a ba, Mati kuwa ga daɗin nasara ya riga ya hau masa kai. Ya yi dariya ya ce, “Kai shi? Ai ya fi shi nesa ba kusa ba. Nawa tsoho ne, duk ya gaji, lallaɓa shi nake yi. Don dai na ga mace ce mai neman na kanta na bar mata wannan, da ni zan riƙe abina.”

“A gaban jama'a ka faɗa?”

“Na faɗa, in an so in maimaita.”

Malam Gwadabe ya gyara zama. Ya ce, “To, hukunci ya yi sauƙi, kuma kai ya bi, Mati. Ka yi wa matar nan alheri, ka fifita ta a kan kanka, ita kuwa ta saka maka da sammaci. Wadda ba ta san darajar keke mai kyau ba, bai kamata a bar mata shi ba. Na mayar maka da wannan, ka je ka more shi. Ita kuma a ɗauko mata wancan tsohon da ya gaji, ta je ta yi ta fama da shi.” Ya dubi mataimakinsa ya ce, “Muhuti, a bi Mati rumfa da amalanke yanzu.”

Can wani tsohon tela ya fashe da dariya, sai wurin duk ya ɗauka, har na bakin taga suna ba na baya labari. Tambai ta yaye mayafi daga fuska tana duban alƙali, ba ta yarda da kunnenta ba. Mati kuwa, wanda aka ce shi ya yi nasara, sai ya hau roƙo.

“Allah gafarta Malam, a yi mini rai. Wancan keken da shi nake ci da iyalina.”

“To ai ga wanda ya fi shi na ba ka. Ko akwai abin da ba ka faɗa mana ba?”

Mati ya durƙusa. Ya ce gaskiya ƙoshiyar keken, wato ɗan ƙarfen nan da ke riƙe zaren ƙasa, ta cinye. A gajeren ɗinki ba ta nunawa, sai keke ya ɗauki gudu take sakin zare. Sabuwa sai an je birni, shi kuwa ya ga tafiyar ta yi masa nisa, ya shafa fenti ya ƙyale sauran.

Alƙali ya ce, “Na ga haka tun kana zaune. Sau uku ka taka, sau uku kana ɗage ƙafa kafin ka cika taƙi biyu, kamar mai tsoron taka ƙaya. Amma gani na ba hujja ba ne, shi ya sa na ba ka hukuncin da mai gaskiya zai karɓa yana murna. Yanzu ga abin da za a yi. Tambai za ta riƙe kekenka har ka gyara nata. Ran da ka gyara, ka kawo shi nan, ka ɗinke bakin zane guda daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ka ɗage ƙafa ba. In ya yi, kowa ya karɓi nasa.”

A ranar aka kai baƙin keken gidan Tambai, yara da manya na biye da amalanke. Ta zauna ta taka, ya tafi kamar ruwa a kwata. Kwana uku ƙarar keke ba ta yanke a gidan ba, maƙwabta na shigowa suna taya ta sa maɓalli da guga, ana hira ana shewa. Ana gobe biki ta naɗe anko goma sha biyu ta kai wa Hajiya Yalwa da kanta. Hajiya ta ɗaga riga ɗaya, ta juya ta ciki da waje, ta ce daga yau ba ta da tela sai Tambai.

Mati kuwa, birnin da ya yi masa nisa a da, washegari da motar farko ya tafi, kafin la'asar ya dawo da ƙoshiya sabuwa. Kwana biyu ya gama gyaran da ya yi mako yana rantsuwar babu shi. Ran gwaji ya zauna gaban alƙali, hannunsa ya tafi aljihu don sabo, zai zaro ɗan ƙyallensa. Tambai ta riga shi, ta shimfiɗa masa zane kamu shida a kan keken ta ce, “Bar wannan, Malam Mati, ga naka. Ka taka a hankali, kada ƙafarka ta ce ba ta saba ba.”

Ya taka har ƙarshe zare bai tsinke ba. Tun daga ranar aka daina gwada keke da tafin ƙyalle a kasuwar nan, sai da cikakken zane.

Saboda haka, kai mai sayarwa, kafin ka yabi kayanka ka tambayi zuciyarka ko za ka yarda a bar ka da su. Yabon da ba za ka iya komawa gida da shi ba, kada ka ɗora wa wani shi a amalanke.