Baba Mashud Mai Cizon Katako

Akwai wani dattijo a Doha mai suna Baba Mashud, mutumin Zangon Tamale a ƙasar Ghana. Gidansu gidan masu haɗa goge ne. Tun yana ƙarami ya san ƙwaryar da za ta yi amo da wadda sai dai a dama fura a cikinta.

Aikin kafinta ne ya kawo shi Qatar. Can Allah Ya haɗa shi da wani tsoho ɗan Siriya mai shagon sassaƙa bayolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, a unguwar Al Gharrafa. Shekara goma sha tara ya yi a shagon. Da tsohon ya rasu, 'yarsa Madam Sana ta gaji wurin, ita ce kuma kafil ɗin Baba Mashud, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane dariya. Duk katakon da zai yi aiki da shi, sai ya kama gefensa da haƙora, ya rufe ido, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Haka mahaifinsa yake gwada ƙwarya. Yakan ce kunne sautin waje yake ji, haƙori kuwa na ciki.

Wata rana wata makarantar kiɗa ta nemi bayolin arba'in cikin wata uku. Shi kuwa Baba, guda ɗaya yakan ci masa wata biyu. Sai Madam Sana ta sayo injin sassaƙa mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, AI ɗin nan da ya cika bakin kowa. Wani injiniya ɗan Zariya mai suna Haladu ne ya zo haɗa shi.

Ranar da aka kunna injin, Baba Mashud ya kasa zama. Wani jan haske ya bi katakon daga sama zuwa ƙasa, sannan wata 'yar wuƙa ta shiga yawo a kansa. Kafin la'asar ta fitar da fuskar bayolin, sumul, aikin da yake yi a mako biyu. Ya shafa ta, ya juya ta, bai sami inda zai kushe ba.

"Subhanallah," ya ce. "Ɗan Adam ne ya yi wannan abu? Injiniya, Allah Ya ba ku ilimi."

Haladu ya ji daɗi har ya wuce gona da iri. "Baba, wannan ya haddace awon bayolin dubu biyar. Yana gani, yana ji. Abu ɗaya ne bai iya ba, cin katako."

Kwana uku bayan haka Madam Sana, wadda ke ce wa Baba Mashud Ammu, wato Baffa da Larabci, ta kira shi ofis. Ba ta iya haɗa ido da shi ba. "Ammu Mashud, ƙarshen wata khalas, aikinka ya ƙare. Ka yafe mini." Ga takardar sallama a kan tebur. A Doha kuwa, a shekarunsa, rasa aiki da rasa zama duk ɗaya ne.

Saura kwana tara ya tafi, yana tattara kayan aikinsa da safe, sai ya wuce ta gaban fuskoki arba'in da injin ya gama. Hannu ya saba. Ya ɗauki ɗaya, ya ciza, ya ƙwanƙwasa. Amon ya ratsa kansa garau. Ta biyu ma haka. A ta biyar sai ya tsaya cak. Amon ya taso, ya kai rabi, ya mutu.

Ya bi su duka. Goma sha ɗaya suna da tsaga a ɓoye, wadda ta fi gashi siranta. Katakon ya sha zafi a kwantena, aka kwaso shi kai tsaye zuwa sanyin AC. Ya san da zarar an ɗaure tsirkiya aka yi 'yan makonni ana kiɗa, za su dare.

Da ya koma ɗakin da suke haya a unguwar Najma, ya ba abokin zamansa Moro labari. Moro direban tasi ne, ba ya ɓoye abin da ke ransa.

"Alhaji, ka ja bakinka ka yi shiru! Su fashe a makarantar. Madam da kanta za ta bi ka har Tamale tana roƙo. Yaron nan da ya yi maka dariya, shi ma ya ɗanɗana."

Gaskiya maganar ta shige shi. Kwana biyu yana juya ta, yana cin abinci ba ya jin ɗanɗano. Ba waliyyi ba ne, mutum ne mai jin tsoron komawa gida hannu rabbana.

A rana ta uku ya jira Madam Sana ta fita, don kada ya kunyata Haladu a gabanta. Ya ja shi gefe.

"Ɗana, goma sha ɗaya a cikin nan ba su da lafiya."

Haladu ya duba kwamfuta. "Baba, duk sun ci jarrabawa. Na san kana cikin damuwa, amma..."

"Na sa musu alama da fensir a baya. Ka rubuta lambobinsu, ka goge alamar, ka cakuɗa su. Ɗaure mini ido."

Don dai ya kashe maganar, Haladu ya yi hakan. Ya ɗaure masa ido da hirami, yana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ya ciza, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye dama ko hagu. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar yatsa a kan katako. Da aka gama, goma sha ɗaya ne a hagu. Haladu ya duba takardarsa. Ko ɗaya bai kuskure ba.

Baba Mashud ya ɗauki ɗaya daga na hagun, ya ɗan lanƙwasa ta, ya ɗiga ruwa a kai. Ɗigon ya ɓace, sai ga shi ya ɓullo ta ƙasa.

Jikin Haladu ya yi sanyi. Ya ɗauki mai lafiya ya sa a haƙoransa. Baba ya ƙwanƙwasa masa. Amon ya bi ta muƙamuƙinsa ya cika masa kai, har tsigar jikinsa ta tashi. Ga injiniya mai digiri biyu tsaye da katako a baki, idonsa ya kawo ruwa.

"Baba," ya ce, "wallahi ban san katako yana magana haka ba. Ka yafe mini."

Da Madam Sana ta dawo, Haladu bai ɓoye komai ba. Ya ce injin zai iya sassaƙa dubu, amma shi ba zai sa hannu a kan ko ɗaya ba sai Baba ya gwada ta tukuna.

Madam Sana ta juya ga dattijon. "Ammu, da ka yi shiru, da na mayar da injin, na riƙe ka. Ka san haka. Me ya sa ka faɗa?"

"Na sani, Madam. Har na so in yi shirun. Amma yara ne za su karɓi gogen nan. Sai na hango a raina wata yarinya tana kiɗa gaban iyayenta, abu ya fashe mata a wuya, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Wataƙila ba za ta sake taɓa goge ba har abada. Ita me ta yi mini?"

Madam Sana ta jawo takardar sallamar, ta yaga ta gida biyu. Ta ce, "Yalla, Ammu, kwance kayanka. Akwai goma sha ɗaya da ke jiranka."

Injin yana nan, bai je ko'ina ba, kuma yawancin sassaƙar shi yake yi. Wani lokaci hakan yana sosa wa Baba rai. Amma babu bayolin da ke fita daga shagon nan sai ya bi ta hannunsa.

Darasi: Na'ura za ta iya fin ka sauri, ta fi ka daidaito, amma ba ta san tausayin wanda zai yi amfani da aikin ba. Kada ka raina ilimin dattijo don ba a kwamfuta yake ba, kuma kada tsoron rasa abinci ya sa ka ɓoye gaskiyar da za ta ceci wani. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani, musamman wanda zamani ya fara karya masa gwiwa.