Manomin da Ya Kai wa Abokinsa Littafi a Gona

Akwai wani manomi a wani ƙauye, sunansa Filibus, mutum ne mai son karatu ƙwarai. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya wurin mai shimfiɗa littattafai a gindin bedi ya zaɓi ɗaya. Irin littattafan nan ne masu koya wa mutum zaman duniya, yadda zai riƙe fushinsa, yadda zai yi tattali, yadda zai zauna lafiya da jama'a. Littattafan masu kyau ne, Filibus kuma ba mugun mutum ba ne. Aibinsa ɗaya. In ya karanta shafin da ya yi magana a kan rowa, sai fuskar wani ta faɗo masa a rai, ya lanƙwasa kunnen takardar ya ce, "Wannan na wane ne." Shafin gulma na wance, shafin lalaci na surukinsa. Kusan kowa a ƙauyen yana da shafinsa, ban da mai littafin.

A ƙauyen nan da gayya ake noma. Mai gona ya sa matarsa ta tuƙa tuwo ta dama kunu, maƙwabta su taru da fartanyoyinsu su nome masa, gobe shi ma ya je ta wani. In an zo kiran Filibus, sai ya ɗago kai daga littafi ya ce, "Ku yi gaba, ina nan tafe, bari in ƙarasa wannan babi." Kafin ya ƙarasa, rana ta take, an tashi.

A wata damina ruwa ya yi yawa, ciyawa ta tashi da ƙarfi har ta fi dawarsa tsawo. Ganyen dawar ya fara yin rawaya, gonar nan kuwa ita ce abincin gidansa na shekara. Sai ya kira gayya. Matarsa Rifkatu ta kakkaɓe ɗan hatsin da ya rage a rumbu, ta tashi tun da asuba ta tuƙa tuwo, ta dama kunun tsamiya. Filibus ya zauna a ƙofar gida yana kallon hanya. Hantsi ya yi, ba wanda ya zo.

Abin ya yi masa ciwo sosai, amma wanda ya fi ba shi haushi shi ne Istifanus, abokinsa na ƙuruciya, wanda ya yi masa abokin ango. Ya shiga ɗaki ya ɗauko sabon littafinsa, ya yi ta buɗawa har ya sami shafi a kan mutumin da ba a ganinsa ranar da abokinsa yake bukatarsa. Ya lanƙwasa kunnensa da kyau. A ƙarshen shafin an rubuta cewa kafin mutum ya yanke wa wani hukunci, ya taka da ƙafarsa ya je ya ga halin da yake ciki. Ya karanta wa Rifkatu da ƙarfi.

Ta ce, "To, Baban Tani, ai mai littafin ya faɗa maka abin yi."

Ya ce, "Zan je kuwa. In karanta masa a gabansa, ya ji da kunnensa."

Ta ɗauko fartanyarsa ta miƙa masa, tana ɓoye murmushi. "Tafi da wannan, ciyawa ta rufe hanya."

Da ya isa gonar Istifanus, sai ya tarar da shi zaune a gindin ɗorawa, ya miƙe ƙafa, an ɗaure ta da tsumma, ta kumbura har gwiwa. Gatari ne ya sare shi tun farkon damina. Matarsa Asabe tana can tsakiyar gona ita kaɗai a sunkuye, da ƙyar ake hango bayanta cikin ciyawa. Gonar ta fi ta Filibus lalacewa. Nan ya tuna Rifkatu ta taɓa faɗa masa zancen ƙafar, ya ce "uhm" idonsa na kan takarda.

Ya ce, "Istifanus, me ya sa ba ka kira gayya ba?"

Istifanus ya ce, "Da wane hatsi za a yi wa mutane tuwo? Ya tafi wurin magani. Ka yi haƙuri ban zo taka ba, ka ga yadda nake."

Kunya ta rufe Filibus. Ya tsaya, littafi a hannu ɗaya, fartanya a ɗaya. Ya tuna tuwon da ke gidansa, ya kuma san in an cinye shi a nan, ba shi da hatsin kiran wata gayya, dawarsa kuma ba za ta jira ba. Sa'an nan ya miƙa wa abokinsa littafin ya ce, "Riƙe mini." Ya ɗaga murya ya ce, "Asabe, je ki gaya wa Maman Tani ta kawo tuwon nan da kunun, dukansu." Ya tuɓe rigarsa ya shiga gonar ya kama noma.

Istifanus ya buɗe littafin, ya faɗa daidai wurin da aka lanƙwasa. Ya karanta, ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya cije baki. Ya ce, "Filibus, wannan shafin da ka yi wa alama, na wa ne?"

Filibus bai ɗago ba. Ya ce, "Nawa ne. Karanta mini, ina ji."

Mutanen ƙauye suka ga mata ɗauke da akusan tuwo sun nufi gonar Istifanus, suka ji kuma wai Filibus ne a can yana noma a gonar wani. Waɗansu don su taimaka suka fito, waɗansu don su gani da idonsu, amma kowa ya zo da fartanya. Kafin la'asar gonar ta yi fes. Washegari da sassafe Filibus ya ji hayaniya a gonarsa. Da ya je, ya tarar da su cikin dawarsa, kowa da gorar kununsa daga gida, Istifanus kuma an kawo shi a kan jaki, yana zaune a inuwa yana karanta musu littafin.

Ma'anar wannan misali ita ce, littafin da yake koya wa mutum gyaran halinsa abu ne mai kyau, kada kowa ya rena shi. Shi ne ya tayar da Filibus daga ƙofar gida ya kai shi inda ya kamata ya je tun tuni. Gonar ita ce zamanmu da mutane, ciyawar kuwa ƙananan sakaci ne da muke bari har su fi ƙarfinmu. Littafi yana nuna ciyawa, amma ba ya riƙe fartanya. Kunnen shafin da aka lanƙwasa kuma halinmu ne dukanmu. Sau nawa muke zaune a sujada, ana karanta Maganar Allah, muna cewa a zuci, da ma wane yana nan ya ji? 'Yan'uwana ƙaunatattu, ku sayi littattafan nan, ku karanta, ku ara wa juna. Amma in kun kai shafin da ya tuna muku da wani, ku dakata ku sake karanta shi da sunanku. Sa'an nan ku ajiye littafin, ku je ku duba ƙafar abokinku.