Kunun Kanwar Rabi

Jama'a, wani ɓangare na labarin nan ya zame mini. Ban ƙara tuna shekarar ba, kuma sunan baƙuwar da za ku ji ya ɓace mini, Allah Ya sa ta yi mini uzuri. Sauran kam ina riƙe da shi.

Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Kano, Alhaji Sabo, mai tura kayan ƙamshi gida daga unguwar Al Ras ta nan Dubai. Na san shagonsa, nakan zauna a can in ƙafa ta gaji.

Da ƙanensa ya rasu, ya bar mata mai suna Rabi da 'ya ɗaya, Murjanatu, 'yar shekara huɗu. Rabi na fita takaba Alhaji ya je ƙauyensu da mota. Ya ce 'ya ta dangin uba ce, ya sa yarinyar a mota. Rabi ta riƙe ƙofar motar, aka ɓamɓare hannunta.

Ya riƙe yarinyar da kyau, wannan ba a musu. Ta yi karatu, ta zama nas a wani asibiti a nan Dubai, ta auri wani injiniya, Hafiz, suka zauna a unguwar Muraqqabat.

Duk farkon azumi Alhaji yakan aika wa Rabi saƙon murya irin wanda yake aika wa kowa: "Azumi ya zo, mu yafi juna." Ba ta taɓa amsawa ba.

Da Murjanatu ta samu cikin fari, ta roƙi uwarta ta zo ta yi mata wankan jego. Hafiz ya ce zai nemi biza. Rabi ta ce, "Ni ba ni da 'ya a Dubai. Alhaji ne mai 'ya. Ya dafa miki ruwan."

Murjanatu ta ce wa Alhaji, "Baffa, ka kira ta ka ba ta haƙuri."

"Haƙurin me? Na ciyar, na tufatar, na ilimantar. Duk shekara ina cewa mu yafi juna. Khalas, magana ta ƙare!"

Wata Juma'a Alhaji ya je cin tuwo gidan su Murjanatu, ya tarar da baƙuwa. Babbar sista ce a asibitinsu, dattijuwa, daga Ostireliya, cikin baƙaƙen mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Ta iya cin tuwo da hannu, an ce mini har ta nemi ƙarin miya.

Alhaji mai son hira ne. Ya tambaye ta labarin iyayenta, Murjanatu tana fassara.

Sista ta ce mahaifiyarta tana ƙarama jami'an gwamnati suka zo da mota suka ɗauke ta daga hannun uwarta, kamar yadda aka yi wa dubban yaransu. Ta girma a gidan renon hukuma, ta manta yarensu. Da ta gano garinsu, uwar ta riga ta rasu.

Alhaji ya ajiye loma. "Azzalumai! A raba uwa da ɗanta? Tambaye ta, me suka ce dalilinsu?"

"Ta ce wai don amfanin yaran ne, Baffa. An ciyar da su, an tufatar da su, an sa su makaranta."

Alhaji ya ɗauki ruwa ya sha.

Sista ta ci gaba. Ta ce a shekarar 2008 gwamnati ta tsaya a majalisar ƙasa ta nemi gafara a bainar jama'a. Ita da mahaifiyarta suna cikin taron da ya kalla a waje.

Alhaji ya ce, "Baki kawai? Me baki zai mayar?"

"Ta ce bai mayar da komai ba. Amma tsohuwar ta yi kuka, don a ranar aka faɗi abin da aka yi da sunansa. Ba a ce a yafi juna ba, tunda su ba su yi wa kowa laifi ba."

Hafiz ya gaya mini maganar ƙarshen nan Sista ba ta faɗe ta ba. Murjanatu ce ta ƙara.

Alhaji ya ce, "Ke! Da Turawan mulkin mallaka za ki haɗa ni?"

"Ban haɗa ka da kowa ba, Baffa. Fassara nake yi."

Ya tashi ya sa takalmi, ko sallama bai yi ba.

Kwana uku ne ko biyar, a nan ma hankalina ya rabu, sai ya kira Rabi daga shago, ina zaune. Bai ce mu yafi juna ba. Ya ce, "Rabi, ni ne Sabo. Na ƙwace miki 'ya kina kuka. Ni na yi, ke ba ki yi mini komai ba. Ki gafarce ni."

Ya buɗe muryar wayar, ina jin komai. Can Rabi ta ce, "Na ji." Ta kashe.

Ban ga abin da ya biyo baya da idona ba, sai da na bincika wurin Hafiz ya tabbatar mini. Murjanatu ta haifi namiji, Rabi ta sauka Dubai kwana biyu kafin suna, da ƙullin kanwa da gero a jakarta. Ita ta yi wankan har kwana arba'in. Ba ta furta "na yafe" ba har ta koma. Amma ranar da ta dama kunun kanwar da ake raba wa dangi, ta cika fulas ɗaya ta ce, "A kai wa kakan yaron a shagonsa."

Darasi: Alherin da ka yi wa ɗa ba ya goge zaluncin da ka yi wa uwarsa. In kai ne mai laifi, kada ka fake da "mu yafi juna". Faɗi abin da ka yi, ka nemi gafara, ka bar wa wanda ka cuta lokacinsa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila a cikinsu akwai mai kiran da ya daɗe bai yi ba.